Hannun da Tela Bai Auna Ba

Akwai wani mutum, tela ne, yana zaune a wani gari da ke maƙwabtaka da barikin soja. Shekara ashirin da biyar ya yi a kan keken ɗinki, in kuwa akwai abin da yake taƙama da shi a duniya, to, awo ne. Tef ɗinsa ba ya barin wuyansa. Har sujada ya taɓa nufa da shi, sai a ƙofar majami'a matarsa ta zare masa. Yakan ce shi tun da yake bai taɓa yanka yadi a kan zato ba. Mutum ne mai tsoron Allah, mai riƙon gidansa da kyau, sai dai in ya kafe a kan abu, ko jaki sai ya sara masa.

Yana da 'yar auta mai shekara tara, sunanta Keziya. Yarinya ce shiru-shiru, ba ta da roƙo, ba ta da ƙiwa. In an ba ta ta karɓa, in ba a ba ta ba ta yi zamanta.

Wata rana sai ya aike ta bariki ta kai wa wani tsohon soja wandon da aka rage masa. Sunan sojan Saje Habila, shi ne mai koya wa yara wasan sikwash. Wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Ɗaki ne mai bango huɗu, ana shiga da raket, wato abin bugu mai mariƙi da raga a kai, ana dukan wata 'yar baƙar ƙwallon roba da ba ta wuce lemun tsami ba. A buga ta bango ta dawo, a sake mayar da ita kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Da Keziya ta isa, Saje bai fito ba tukuna. Tana jira a bayan ɗakin wasan sai ta tsinci wata tsohuwar ƙwallo a cikin ciyawa. Ta duba gabas ta duba yamma, ba kowa. Ta cire silifas ɗinta guda, ta shiga buga ƙwallon a jikin bango. Ba ta san Saje yana kallonta ta taga ba, yana ƙirgawa, har ya kai talatin.

Da la'asar sai ga Saje a shagon tela da kansa. Bayan sun gaisa ya ce, "Maigida, na ga yarinyar nan taka tana buga ƙwallo da silifas, tana da ido, tana da ƙafa. Asabar ta ƙarshen wata zan zaɓi yara shida, su zan riƙe ina koya musu shekara guda. Ba zan ƙara ko ɗaya ba, ɗakin ba ya ɗauka. Gwajin kuma ba wuya, yaro ya mayar da ƙwallo bango sau goma a jere. Ka nemo mata raket daidai ita, ta riƙa bugawa a bangon gida. Ni gobe zan yi tafiya, sai ranar gwajin za ku gan ni."

Da Saje ya tafi, tela ya ɗaga kai ya ga 'yarsa tsaye a bakin labule. Ta matso, ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Baba, ina so."

Tun da aka haife ta bai taɓa jin wannan kalma daga bakinta ba. Abin ya shiga ransa ƙwarai. Ya ajiye almakashi ya ce, "To, in dai ina numfashi, kina cikin shidan nan."

Kashegari suka tafi kasuwa, layin 'yan gwanjo. A can akwai wata dattijuwa, Mama Tabita, mai sayar da tsofaffin kayan wasanni, takalman ƙwallo da riguna da raket iri-iri cike da buhu. Marigayi mijinta shi ne mai ɗaure ragar raket a bariki a zamaninsa, don haka ta san kayan kamar yadda tela ya san zare. Tela ya ba ta labarin Saje da silifas, sa'an nan ya zura hannu cikin buhun, ya zaro wanda ya fi kowanne tsawo, ya jinjina shi ya ce, "Wannan ya yi. Za ta girma ta same shi."

Mama Tabita ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Baban Keziya, wannan ba rigar Kirsimeti ba ce, da za ka naɗe mata ƙasa baɗi ka warware. Yaro da raket ɗin yau yake wasan yau. Ajiye, in nuna maka."

Ta nuna masa kuwa. Yaro ya tsaya ya saki hannu yana riƙe da raket, kada kan ya taɓa ƙasa. Ya miƙe hannu da shi a ƙirga ashirin, kada hannun ya yi rawa. In ya damƙe mariƙin, a samu wurin da yatsa guda zai shiga tsakanin kan yatsunsa da tafin hannu. Tela ya ji daɗi kamar an yi masa kyauta, domin magana ta zo gidansa. Ya zare tef daga wuya ya ce, "Miƙo hannu." Keziya ta miƙa hannun dama, kamar kowane ɗa mai tarbiyya. Ya auna daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ya auna daga yatsu zuwa ƙasa, ya auna faɗin tafi, ya rubuta duka a littafinsa na awo. Awon ya faɗa a kan wani gajeren raket rawaya, mara nauyi, mai ɗan ƙarzuwa a gefe. Shi suka saya.

A gida tela ya ja layi da alli a bangon tsakar gida. Kullum in Keziya ta taso daga makaranta sai ya rufe keke, ya ɗauko kujera 'yar tsugune, ya zauna ya zuba mata ido yana ƙirgawa. In an gama ya karɓe raket ɗin ya rataye a ƙusa can sama cikin shago ya kulle, domin ya san yaran unguwa, da shi za su je kaɗo mangwaro.

Ɗaya, biyu, uku, sai ƙwallo ta wuce. A sake. Ɗaya, biyu, sai ta doki iska. Mako guda cur ana haka, yarinya ba ta taɓa wuce uku ba. Gumi yana zuba, tana cije leɓe, tana ƙoƙari iyakar ƙarfinta, amma bugun ya ƙi zama.

Sai tela ya zauna ya yi tunani irin nasa. Ya ce a ransa, "Saje ba maƙaryaci ba ne. 'Yata ba malalaciya ba ce. Awona kuwa ba ya kuskure. Ashe laifin raket ne, ya cika rashin nauyi." Ya koma wurin Mama Tabita ya musanya shi da wani baƙi mai ɗan nauyi. Kwana biyar da baƙin, wuyan hannun yarinyar ya kumbura, uwarta tana shafa mata man zafi tana harararsa. Ƙirgen ma ya koma biyu. Ya ce, "To, kan ne ya yi ƙanƙanta." Ya sake komawa ya karɓo wani ja mai faɗin kai. Da jan nan sau ɗaya tak ta kai huɗu, ranar har ya saya mata ƙosai. Daga nan ba ta sake ba.

Ranar Talata ta makon ƙarshe, Keziya ta ajiye raket a ƙasa, hawaye suna bin kumatunta. Ta ce, "Baba, a bari kawai. Ba zan iya ba."

Ya ce, "Ba a bari. Akwai raket ɗinki a cikin buhun nan, ko zan zazzage shi kaf sai na samo shi."

Ran Laraba da hantsi suka sake dira rumfar Mama Tabita. Da ta hango su ta riƙe haɓa ta ce, "Baban Keziya, ni fa kasuwa na zo, ba ɗakin aro na buɗe ba." Amma ta tura masa buhun. Ya duƙa ya shiga zaro raket ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da tef. Garin haka gwiwar hannunsa ta ture wani gwangwani a kan kanta, ƙwallaye suka watse. Ɗaya ta yi tsalle ta nufi fuskar Keziya. Kafin ƙiftawar ido yarinyar ta cafke ta a sama, da hannun hagu. Nan take ta mayar da ita dama, ta ɓoye hagun a bayanta, ta saci kallon ubanta a tsorace. Shi bai gani ba, kansa yana cikin buhu. Mama Tabita kuwa ta gani sarai.

Sai dattijuwar ta ce, "Baban Keziya, tashi. Akwai wanda zan gwada mata, amma da sharaɗi. Juya ka ba mu baya. Kada ka waiwayo sai na ce. Kai dai ƙirga da kunne."

Ya ce, "Wane irin gwaji ne wannan, Mama?"

Ta ce, "Irin na tsofaffi. Juya."

Ya juya yana gunaguni. Bayan rumfar akwai bangon wani sito. Ya ji dattijuwar tana yi wa yarinyar raɗa, sai kuma ya ji tas a jikin bango. Ɗaya. Tas. Biyu. Uku. Ya jira ƙwallo ta wuce kamar kullum, sai ya ji huɗu, biyar, shida. Goma. Goma sha biyar. Ashirin. Bugun yana tafiya daidai, ba gaggawa, ba tangarɗa, kamar keke mai sabon mai. A ashirin da bakwai haƙurinsa ya ƙare. Ya waiwaya yana cewa, "Shi ne! Wanne ne wannan?"

Ga shi kuwa, rawayan nan ne mai ƙarzuwa a gefe, wanda ya fara saya ya mayar. Yana hannun hagun Keziya. Da idonta ya haɗu da nasa sai ta saki raket ɗin ya faɗi ƙasa, ta kai hannun bayanta.

A nan sai in faɗa muku abin da tela ya sani, amma ya ɗauka ya wuce. Bahaguwa aka haifi Keziya. Tun tana rarrafe da hagu take kai wa abu hannu. Da ta kai shekara uku sai uban ya ɗaura niyyar gyara ta. In za a ci tuwo yakan ɗaure mata hagun a jiki da ƙyallen yadi. In ta miƙa wa babba abu da shi, ya ɗan ƙwanƙwashe ta da cokali. Kalma biyu ce a bakinsa safe da yamma, "Da dama!" Ba mugunta ce ta sa shi ba, kada ku ɗauke shi mugu. Tsoro yake kada a ce 'yarsa ba ta da tarbiyya, kada a yi mata dariya a makaranta. Da ta koyi ci da rubutu da dama, sai ya ce ya warkar da ita. Har a taron iyaye na ikilisiya ya taɓa miƙewa ya ba da labarin, ya shawarci masu irin wannan yaro su yi yadda ya yi, aka tafa masa.

Yanzu ga shi tsaye a tsakiyar kasuwa, kunya da fushi suna kokawa a ƙirjinsa. Ya ce, "Mama, hagu fa! Hannun shiga bayi! A gaban jama'a za ta tsaya tana wasa da shi? Kuma ai kayan aiki duk don dama ake ƙera su. Ba ki ga almakashi ba?"

Mama Tabita ta sunkuya ta ɗauki raket ɗin, ta kaɗe masa ƙasa. Ta juya masa wannan fuska, ta juya masa waccan. Ta ce, "Kai mai awo, nuna mini damansa, ka nuna mini hagunsa."

Ya karɓa ya duba. Ya juya shi, ya sake juyawa. Fuskokin biyu ɗaya suke, mariƙin ma haka.

Ta ce, "Mijina ya tsufa yana ɗaure raga, bai taɓa ɗaure wa bahago tasa dabam ba. Sau uku kana zarya a rumfata. Ka auna tsawo, ka auna nauyi, ka auna kauri. Ko sau ɗaya ka tambayi yarinyar nan da wane hannu ta riƙe silifas ranar da Saje ya gan ta?"

Fushin tela ya sauka, baƙin ciki ya maye wurinsa. Ya tuna kumburin wuyan hannun nan, ya tuna mako uku da yarinyar ta yi tana dukan iska a gabansa alhali ta san maganin abin, tsoronsa ya hana ta faɗa. Ya durƙusa a gabanta a cikin ƙasar kasuwa, ya zare tef ya ce, "Miƙo hannu."

Ta miƙa dama.

Ya ce, "Ɗayan."

Ta dubi Mama Tabita, ta dubi ƙasa. Da ƙyar ta zaro shi daga bayanta. Ya auna daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ya auna faɗin tafi, ya buɗe littafinsa ya gwada da awon farko. Ko rabin inci babu bambanci. Ya daɗe yana kallon lambobin, sa'an nan ya ce a hankali, "Wanda ya yanka wancan shi ya yanka wannan, bai kuwa yi kuskuren awo ba." Ya miƙe ya karɓi rawayan, suka kama hanyar gida.

Kada ku ce magana ta ƙare. Abin da aka shekara shida ana dasawa ba ya tumɓukuwa a kwana uku. A tsakar gida, in tela ya juya kujerarsa ya fuskanci ƙofa, sai ya ji talatin, ya ji arba'in. Da zarar ya waiwayo, raket ya koma dama, ba ma da saninta ba. Ya ce mata, "Na yarda, ki yi da hagu." Ta ce, "To, Baba." Ta ɗaga ƙwallo, ta kalle shi, hannun ya sake sauyawa da kansa. Haka aka yi ran Alhamis, haka aka yi ran Jumma'a.

Matarsa ta ce masa, "Abin ai mai sauƙi ne. Gobe ka yi zamanka a shago, ni in kai ta. In ba ta gan ka ba za ta ci."

Ya san gaskiya ta faɗa, kuma ransa ya so hakan, domin ya san waɗanda za su hallara. Amma ya yi ta juya maganar yana taka keke, har ya karkace ɗinkin wata riga, abin da bai taɓa yi ba. Ya ga cewa in ya ɓuya, yarinyar za ta shiga cikin shida, amma za ta girma da sanin cewa abin da ta fi iyawa a duniya abu ne da ake yi a bayan idon uba. Ya tsayar da keken ya ce wa matarsa, "Ni na ɗaure hannun nan, ni zan kwance shi. Zan je, a gaba ma zan zauna."

Ran Asabar da safe yara goma sha huɗu suka taru. A saman bangon baya na ɗakin wasan akwai wurin zaman 'yan kallo, iyaye sun cika shi. Cikinsu har da wani dattijon ikilisiya da ya kawo jikansa, wanda yana cikin masu tafi a wancan taron iyaye. Tela ya ratsa ya zauna a layin gaba, kusa da shi. Saje Habila ya tsaya a ƙasa da usur a wuya ya ce kowane yaro yana da gwaji biyu, ba na uku.

Da aka kira Keziya, yara biyar sun riga sun ci, saura gurbi ɗaya, ga kuma yara uku a bayanta suna jira. Ta shigo da rawayan a hannun hagu. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta ɗaga kai. Ta ga ubanta, ta ga dattijon, ta ga matan zumunta da suka san ta tun tana goye. Sai raket ya koma dama.

Ɗaya, biyu, uku. Ƙwallo ta wuce ta gefenta ta gangara lungu.

Saje ya ɗaure fuska, don ba wannan yarinyar ya gani ta taga ba. Ya ce, "Saura ɗaya."

Keziya ta ɗauko ƙwallon, raket yana dama har yanzu. Tela ya dubi dattijon da ke gefensa. Ya san in ya yi shiru na minti ɗaya shi ke nan, za a ce yarinya ta yi ƙoƙari ba ta dace ba, ba wanda zai san komai, mutuncinsa yana nan. Ya dafa ƙarfen gabansa ya miƙe.

"Keziya!"

Ta ɗago.

Ya ce, da muryar da har masu gadi a waje suka ji, "Da hagu, 'yata! Da hagu!"

Dattijon ya ja masa riga ya ce, "A'a, Baban Keziya, ashe ba kai ne ka tsaya a gabanmu ka ce..."

Tela ya ce, bai ko rage murya ba, "Ni ne, Baba. Na faɗa, na kuwa yi kuskure."

Yarinyar ta daɗe tana kallon fuskarsa, tana neman fushin da ta saba gani. Ba ta same shi ba. Ta mayar da raket hagu, ta gyara tsayuwa, ta jefa ƙwallo. Uban bai zauna ba, bai kau da ido ba, yana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. A ta bakwai ƙwallon ta karkace ta nufi lungu ƙasa-ƙasa, mata suka yi salati irin nasu, Keziya ta zube a gwiwa ɗaya ta kwaso ta. Takwas. Tara. Da ya ce goma muryarsa ta karye. Ita kuwa ba ta tsaya ba, sai da Saje ya busa usur sau biyu yana dariya, ya ce, "Ya isa, ya isa, ki rage wa shekara!"

A hanyar gida tana tafe a gefensa, raket a rataye a kafaɗa, gwiwarta ta ɗan kuje. Da za su tsallaka titi sai ta kama hannunsa da hagu. Ya ji, ya sani, ya ƙara damƙewa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Telan nan mu ne, iyaye da malamai da masu riƙon ikilisiya, dukanmu da Ubangiji ya danƙa wa yara. Hannun hagun Keziya shi ne baiwar da Allah ya sa a cikin yaro tun kafin mu ga fuskarsa. Raket ɗin da aka yi ta musanyawa kuwa su ne dabarun da muke sauyawa in yaro ya kasa. Mu cire shi daga wannan makaranta mu kai waccan, mu sauya masa malami, mu ƙara bulala, mu kai sunansa taron addu'a. Muna da himma, ba a ƙwace mana wannan ba. Telan ma ai ba malalaci ba ne, sau uku ya koma kasuwa. Amma himmarsa duka a kan hannun da shi ya zaɓa ta ƙare, bai tambayi hannun da Allah ya zaɓa ba.

Ina ganin abin nan a cikinmu, yana kuwa ci mini rai. Yaro yana da hannun gyara, duk rediyon da ya mutu a unguwa shi ke tashinsa, amma uba ya rantse sai ya zama lauya, yaron yana ta faɗuwa jarrabawa ana ce masa daƙiƙi. Yarinya tana da tambaya a baki, mun ce rashin kunya ce, mun rufe bakin, yanzu muna mamakin yadda ba ta iya addu'a a gaban mutane. Ba na ce a bar tarbiyya ba, kada wani ya fita ya ce fasto ya ce a riƙa miƙa wa manya abu da hagu. Keziya har yau da dama take gaisuwa, da dama take karɓa. Koya wa yaro ladabi dabam, ɗaure abin da Allah ya halitta dabam. Wanda ya raina yadda aka yi yaro, da Mahaliccin yaron yake gardama, ko bai sani ba.

Ku lura kuma da inda telan ya tuba. Ya gane kuskurensa ran Laraba a kasuwa, amma hannun yarinyar bai kwance ba sai ran Asabar, da ya miƙe a gaban mutanen da suka tafa masa ya ce ya yi kuskure. Tuban da muke yi a zuci yana da kyau, amma yaron da muka tsawata wa a fili ba ya jin sa. Wannan shi ne wuri mai wuya, a nan ne yawancinmu muke zamanmu a shago mu aiki matanmu.

Ku kuma yara, in akwai abin kirki da kuka iya kuna ɓoye shi a bayanku don tsoro, ku sani ba abin kunya ba ne. Allah ne ya ba ku, yana kuma so ya ga kuna aiki da shi. Ku faɗa wa iyayenku cikin ladabi, in kun kasa ku zo ku faɗa mini, ni zan raka ku.

Iyaye, kafin Lahadi mai zuwa kowa ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi abin da yake yi da daɗin rai sa'ad da ba kowa a wurin. Ka yi shiru ka ji amsar har ƙarshe. In ka tarar kai ne ka ɗaure, kada ka jira wani ya kwance maka. Ubangiji ya ba mu ƙarfin halin yin haka. Amin.